Sanwic ɗin nama a tandar waful, yadda nake yinsa

Dala takwas na sayi tandar a wani shagon gwanjo da ke unguwarmu a Bronx, cikin birnin New York, don yaran nan sun ishe ni da zancen waful. Ga wadda ba ta san shi ba, waful ɗan'uwan fanke ne. Ƙullin fulawa da ƙwai da madara ake zubawa a wata tanda mai murfi, samanta da ƙasanta duk ƙarfe ne mai gida-gida kamar ramukan dara, a rufe, ya gasu gaba da baya a lokaci guda. Tun ranar da na fara ganinta na ce ai wannan tandar waina ce aka yi wa murfi aka ja mata lantarki, shi ya sa har yau tanda nake ce mata. Sau biyu na yi musu waful ɗin. Suka lashe zumar da ke kai, suka turo mini sauran. Tanda ta hau saman firji ta yi kusan shekara tana shan ƙura.

Gas ne ya sauko da ita. Wani lokacin sanyi aka ji warinsa a benenmu, aka zo aka rufe na ginin gaba ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a New York ya san idan aka rufe gas ba a buɗe shi sai an gyara bututu, an zo an duba, an sa hannu. Mu sai da muka yi mako bakwai. Aka raba wa kowane gida ɗan risho na lantarki mai kai ɗaya, irin wanda kafin ya tafasa ruwan shayi kin idar da sallah har kin yi lazimi. Ga yara uku za su makaranta, ni ma ƙarfe bakwai zan kama jirgin ƙasa zuwa wurin aiki. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wata asuba na ɗaga kai na hango tandar nan, na ce tunda tana gasa ƙulli, me zai hana ta gasa burodi?

Na farkon da na yi sai dai a ce Allah ya kyauta. Na loda shi kamar a-kori-kura ranar kasuwa, nama, cuku falle uku, tumatir, latas, mayonis, na danne murfi iya ƙarfina. Cuku ya tsiyayo ta gefe ya bi bayan tanda, ruwan tumatir ya jiƙa burodin ya koma kamar fate, ƙararrawar hayaƙi ta kama ihu ƙarfe shida saura, maƙwabciyata ta buga mini bango. Daga ranar zuwa yau na yi shi ya fi sau ɗari, kuma kusan duk abin da zan faɗa miki a nan daga ɓarnar da na yi na koye shi. Gwaurayen da ke karantawa ku yi haƙuri, da uwargida na saba magana, amma ku ma naku ne, watakila ma kun fi mu bukata.

Ki fara sa wa ranki cewa wannan tandar ba injin gasa sanwic ba ce. Injin da muka sani a gida, mai fitar da burodi kusurwa uku-uku, like bakin burodin yake yi ya kulle abin da ke ciki. Tandar waful haƙora gare ta. Cizon burodin take yi sama da ƙasa, duk inda haƙori ya sauka sai wurin ya matse ya soyu ƙayau, tsakanin haƙoran kuma ya rage da laushinsa. Daɗin abin ke nan, a loma ɗaya ki ji ƙaras-ƙaras ki ji taushi. To amma haƙoran nan su ne ke huda burodi idan kika cika shi, ga baki a buɗe, ba abin da zai tare kayan ciki. Don haka kaɗan za ki sa, kuma a bushe. Sauran bayanin duk a kan wannan ya hau.

Tandar iri biyu ce. Akwai mai manyan ramuka masu zurfi da ake kira ta Beljiyam, irin waful ɗin da ya yi suna a Amurka bayan babban baje-kolin duniya da aka yi a Queens, nan New York, a 1964. Akwai kuma mai ƙananan ramuka marasa zurfi, wadda Amurkawa suka saba da ita tun da can. Wani mutumin garin Troy a jihar New York, Cornelius Swartwout, ya yi rajistar irin tasa ranar 24 ga Agusta 1869, lokacin a kan murhu ake ɗora ta ana juyawa, kuma har yau ranar ce suke kira ranar waful. Tawa marar zurfin ce, ita ta fi dacewa da sanwic. Mai zurfin ma tana yi, sai dai tana son burodi mai kauri kamar babban yatsa, in ba haka ba haƙoran su haɗe a tsakiya su keta shi.

Sai nama, kuma a nan nake so mu ɗan zauna, don a nan 'yan'uwanmu sababbin zuwa suke faɗawa rami. Naman deli nama ne da aka riga aka dafa ko aka kyafe, aka ba shi gishiri da kayan ƙamshi, ake yanka shi falle-falle da inji, a ci ko da sanyinsa. Deli ɗin sunan shagon da ake sayar da shi ne. Da wuya ki sha kwana a Bronx ba ki ga irin shagon ba, da yawansu ma 'yan Yaman ne ke riƙe da su, ki shiga ki yi sallama a amsa miki da fara'a. Sai dai sallamar mai shago ba ta halatta nama. Yawancinsu abin da unguwa ke saye shi suke ajiyewa, har da na alade, kuma sau da yawa inji ɗaya ne ke yanka duka. Da idona na ga an yanka wa wani naman alade, aka juyo aka ce, "Hajiya, me za a ba ki?" ko goge wuƙar injin ba a yi ba. Tun daga nan na koma shagon mahautan halal, ko in sayi na leda wanda aka like tun daga kamfani da tambarin halal a jikinsa.

Ki riƙe sunayen nan yadda ake rubuta su a jikin leda. Ham, prosciutto da capicola alade ne zalla. Salami, pepperoni, bologna da mortadella galibi alade ne ko an gauraya da shi, sai idan an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na sa ne ko na talo-talo. Akwai wani mai ruɗarwa, turkey ham, wanda cinyar talo-talo ce aka sarrafa ta yi kama da wancan. Babu alade a ciki, amma ni sunan kaɗai ya ishe ni, ba ya shiga firjina. Kuma rashin alade daban, yankan Musulunci daban, shi ya sa na ce tambarin za ki nema.

Abu biyu nake saye, kyafaffen ƙirjin talo-talo da fastirami na sa. Talo-talon shi yara suka fi so don ba shi da ƙarfin ɗanɗano. Fastiramin nawa ne ni da baban yara. Yahudawan da suka yi ƙaura daga Romaniya ne suka kawo shi New York a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da shi shagon Katz's na Manhattan, wanda ke nan tun 1888, ya yi suna. Ana jiƙa naman sa a ruwan gishiri kwanaki, a shafe bayansa da masoro da 'ya'yan koriyanda, a kyafe shi da hayaƙi, sannan a turara. Ranar da na fara ɗanɗana shi kilishi ne ya faɗo mini a rai. Dabarar ɗaya ce, gishiri da yaji da wuta don nama ya daɗe, sai dai mu rana ce ke busar mana, su kuwa suka bar nasu da danshi. Tunda ba a yarda a shigo da kilishi ƙasar nan ba, a filin jirgi ake karɓe shi mutum yana ji yana gani, da fastiramin nake rage kewa.

Ki ce a yanka miki siriri, yadda idan kin ɗaga falle zai langaɓe a hannunki. Rubu'in fam, wato wajen giram 113, sanwic biyu yake yi mini. Falle uku ko huɗu ke nan a kowanne. Na san zai yi miki kaɗan a ido, musamman idan kin ga yadda shagunan nan ke tula nama har burodi ya kasa rufuwa. Wancan ba na tanda ba ne.

Akwai dalilin da ya sa ba na ba kowa naman nan da sanyinsa, kuma a wurin awo na ji shi lokacin ina da cikin autata. Naman deli yakan ɗauki wata ƙwayar cuta da ake kira listeriya, wadda sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa, saɓanin yawancin ƙwayoyin da ke ɓata abinci. Mai ƙarfi lafiyayye ba lallai ta yi masa wani abu ba, amma mai ciki tana iya jawo mata ɓari ko haihuwar bakwaini, tana kuma kayar da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. A 2024 ta ɓarke a Amurka daga naman deli na wani kamfani, mutum 10 suka rasu. Shawarar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ita ce masu ciki, da waɗanda suka kai shekara 65, da masu raunin jiki, kada su ci shi sai an ɗumama ya kai digiri 74 na Salshiyas, 165 a ma'aunin Amurkawa, wato sai ya yi zafi yana tururi. Idan kin buɗe leda kuma, cikin kwana uku zuwa biyar ki ƙarar da shi.

To ga inda tanda ke yaudara. Bayan burodi yakan yi ja ya yi kyau alhali tsakiya da ɗumi-ɗumi kawai, musamman idan daga firji naman ya fito. Abin da nake yi shi ne in fara gasa naman shi kaɗai. Idan tanda ta yi zafi sai in shimfiɗa fallayen a kai, in rufe, in ƙirga talatin zuwa arba'in. Zai fito yana tururi, gefensa ya ɗan naɗe ya yi duhu, ruwan da ke jikinsa ya ƙone. Jifa ɗaya tsuntsu biyu ke nan, kin kashe abin da ake tsoro, kin kuma raba burodinki da ruwan da zai jiƙa shi. Ɗan maiƙon da fastirami ya bari a tanda kada ki goge, burodin zai sha.

Burodi kuwa mai jiki ake so, kuma na jiya ya fi na yau. Ɗan yanka-yankan nan na leda mai laushi kamar auduga, tanda na cizonsa yake komawa takarda. Ni nakan sayi dunƙule in yanka da kaina, kaurin ɗan yatsana. Mai ɗan tsamin nan na Turawa yana yin kyau ƙwarai da fastirami. Burodin Agege da ake samu a shagunan 'yan Afirka ma yana yi, yana da danƙo, ba ya saurin yagewa, amma da sukari a jikinsa, sukari kuwa saurin ƙonewa gare shi, sai ki rage wuta ki tsaya a kansa. Maƙwabciyata mutuniyar Maraɗi, wadda ta buga mini bango ranar nan, ita ta nuna mini yadda ake yi da dogon burodin Faransa da suka saba da shi. Ɓawonsa ya yi wa haƙoran tanda tauri, don haka sai ki tsaga shi biyu ki juya, cikin ya koma waje, ɓawon ya fuskanci nama. Farin cikin ne zai sha mai ya soyu.

Cuku a wannan aikin siminti ne, shi ke riƙe ginin. Ki nemi mai narkewa yana ja, mozzarella, cheddar, provolone ko na Suwis mai huji-huji. Namu na gida ba ya wannan aikin. Busasshen cukun Nijar da warar da Fulani ke daskararwa da tumfafiya, ko kin kwana kina gasa su ba za su narke su like burodi ba. Falle biyu sirara sun isa, ɗaya a ƙarƙashin nama, ɗaya a samansa, kowanne ya kama burodin da ke kusa da shi. Ki karya gefen ya zama cukun bai kai bakin burodi ba, ki bar fili kamar faɗin yatsa zagaye, don idan ya narke zai bazu ya cike wurin da kansa. Masu tsantseni sukan duba abin da aka daskarar da madarar da shi, don wani daga cikin ɗan maraƙi ake samo shi. Wanda ba na dabba ba akan rubuta vegetarian a jikinsa.

Mai a bayan burodi ake shafa shi, ba a jikin tanda ba, kuma ki kai shi har gefe-gefe, don duk inda mai bai taɓa ba fari zai fito, a bushe. Bota mai laushi tana yi. Mayonis ma yana yi, ya ma fi ta sauƙin shafawa da safe idan botar ta daskare, kuma tunda ƙwai da mai ne, ja yake ba burodi bai ɗaya, ba kya ko jin ɗanɗanonsa bayan ya gasu. Amma sarkinsu soyayyen man shanu ne. Bota tana da ɓurɓushin madara a cikinta, shi ne ke saurin yin baƙi idan wuta ta yi yawa. Man shanu kuwa an riga an soye shi an tace, don haka yana jure zafi, ga ƙamshi. A nan shagunan Indiyawa da 'yan Bangaladash suna sayar da nasu, ba laifi, sai dai bai kai wanda Umma ke soyawa da albasa ba. Rabin cokalin shayi a kowace fuska ya wadatar. Man fesawar nan na gwangwani ki bar shi, yana barin wani danƙo a jikin tanda mai wuyar fita.

A ciki nakan kwaɓa ƙaramin cokali na mayonis da ɗan yajin tsire in shafa siriri. Ranar fastirami, mustad nake sawa, wani abin shafawa na Turawa mai ɗan yaji da tsami. Albasa ki yanka ta kamar gashi, ko ki ɗan soya ta tukuna. Attaruhu ki daddatsa ƙanana, kaɗan. Tumatir da latas da kokwamba ba sa shiga tanda, a gefen faranti ake ajiye su. Latas idan ya ji zafi kamar tsumma yake komawa, tumatir kuwa kin ji abin da ya yi mini.

Jerin ke nan daga ƙasa: burodi, mai yana fuskantar ƙasa, abin shafawa, cuku, albasa, nama, cuku, burodi, mai yana fuskantar sama. Naman kada ki jera shi a miƙe kamar kuɗi a walat, ki ɗan lanƙwasa kowane falle, zafi ya fi ratsa shi haka, haƙori ma ya fi sauƙin yanka shi. Ki ɗan danna da tafin hannu kafin ki ɗauka.

Ki kunna tanda tun kina yanka burodi, tana son minti huɗu ko biyar kafin ta yi zafi, yawancinsu akwai 'yar fitila da ke nunawa. Idan taki tana da abin murɗawa ki sa shi a tsakiya. Kada ki ɗora sanwic a tanda mai sanyi, burodi zai shanye man ya yi nauyi bai soyu ba.

Ki ɗora shi a tsakiya, ki sauke murfi a hankali, ki sake shi. Kada ki danna tukuna, kada kuma ki yi ƙoƙarin maƙala 'yar sakatar da ke bakin wasu, ba zai rufu ba, ba a kuma son ya rufu. Ki ƙirga talatin. A wannan ɗan lokacin burodi zai ɗumama ya saki jiki, cuku ya fara laushi. Sannan ki ninka tsumman kicin ki ɗora a kan murfi ki danna a sannu, kamar mai danna wa jariri cibiya, har ki ji ya sauka ya tsaya. Idan kin ji ya tsaya ki tsaya. Tsumman ba ado ba ne, tururi ta gefe yake fita kuma yana ƙuna, akwai tabo a wuyan hannuna da zai shaida.

Daga nan minti uku zuwa biyar ne, gwargwadon tandarki da burodinki. Tawa huɗu take ci. Kada ki buɗe kafin minti biyu da rabi, don a lokacin burodin bai yi ɓawo ba, yana manne da ƙarfe, kina ɗagawa zai rabe biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Ni ba agogo nake kallo ba, tururi nake kallo. Da farko zai riƙa fita da yawa fari fat. Muddin ruwa na fita, bayan burodin ba zai yi ja ba, don jan nan ba ya farawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa a 100 yake tafasa ya riƙe wurin a nan. Idan tururin ya ragu ya zama siriri, ƙamshin ya juya daga na ɗumamen burodi zuwa na gashi, to ki leƙa. Kalar ƙuli-ƙuli ake nema. Idan bai kai ba ki mayar da murfi ki ƙara rabin minti.

Wurin cirewa kada ƙarfe ya taɓa tanda. Baƙin shafen da ke hana abinci kamawa, cokali mai yatsu na kankare shi sau ɗaya shi ke nan, nan ne zai riƙa kama miki har abada. Da tsinken tsire biyu nake ɗaga gefe, in zura cokalin katako a ƙasa. Kada ki kwantar da shi a faranti nan take, gumi zai yi ya jiƙa ƙasansa. Ki ɗora a kan 'yar raga, ko ki jingina shi da bakin faranti, minti ɗaya. Cukun ma zai ɗan kama jikinsa, ba zai zubo ba idan kin yanka. Ki bi layin da tanda ta zana ki yanka.

Duk yadda kika kiyaye, wataran cuku zai tsere ya faɗa ramukan. Kada ki goge shi yana ruwa, shafe tandar kawai za ki yi. Ki rufe ki ba shi minti ɗaya ya soyu, zai ɓamɓaro da kansa da tsinke, ja, ƙayau. Ƙanzo ke nan, kuma a gidana a kansa ake faɗa. Na tsakiyar nan har cewa yake, "Umma, ki bari ya zubo da gangan mana."

Wanki ba wuya idan ba ki bari ta huce ba. Ki zare waya daga soket tukuna. Tana da sauran zafi ki jiƙa tishun kicin biyu ko uku, ki matse, ki shimfiɗa a ciki ki rufe minti biyar, tururin zai jiƙa duk abin da ya kama. Sai ki bi ramukan da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ki goge da busasshen tsumma, ki bar ta a buɗe ta sha iska. Ba a tsoma ta a ruwa sai idan irin wadda ake cire farantanta ce. Idan maiƙo ya taru, ki gasa gutsuren burodi shi kaɗai ya tsotse. Ƙamshin fastirami dai yakan zauna, ranar da na sake yi wa yaran waful babbar ta ce yana warin tsire. Duk da haka tawa tandar ta yi sa'a. Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin takalma na Nike, ruwan roba ya zuba a ta matarsa a 1971 yana neman tafin takalmi mai kama ƙasa. Takalmin ya samu, tandar ta mutu. Na ba baban yara labarin na ce ya ji da kyau, tawa ba ta gwaji ba ce.

Ga waɗanda ke gida, ba sai da naman deli ba. Ragowar balangu idan aka yanka shi siriri ya fi fastirami a wurina. Tsire ma yana yi idan kin zare shi kin daddatsa, haka soyayyen naman Sallah da aka ɗan daka, haka dambun nama, sai dai shi dambu yana son cuku sama da ƙasa sosai don kada ya watse. Kilishi ne ban ba ki shawara ba, zafi ƙara masa tauri yake yi.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne wuta. Ƙanwata da ke Kano ta ga hoton da na sa ta ce, "Yaya, don Allah ki aiko mini da irin tandar nan." Na saya sabuwa na ba mai tafiya, ban yi tunanin komai ba. Lantarkin Amurka bolt 120 ne, na Najeriya 230. Ta sa mata ɗan adafta don bakin fulogin ya shiga soket, ta kunna. Adafta baki kawai yake canzawa, ba ya rage wuta, kuma idan wuta ta kusa ninkawa, zafin da ƙarfen ke fitarwa kusan sau huɗu yake ninkawa. Ko burodin ba ta kai ga ɗorawa ba ta ji ƙauri. Don haka ki duba bayan tanda ko ƙasanta, a rubuce yake, ki sayi mai 220 zuwa 240. Ki kuma duba wat, yawancinsu suna cin wajen 1,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba.

Daga baya wadda ba ta lantarki na aika mata, ta baƙin ƙarfe mai dogayen hannuwa biyu, jikar irin ta 1869 ɗin nan. A kan gas take ɗora ta, ranar da babu gas a kan kurfoti. Ita wannan sai an shafe ta da mai an ƙona sau biyu ko uku kafin a fara aiki da ita, kamar sabuwar tandar waina, kuma a ɗumama fuskokin biyu kafin a sa burodi. A kan gawayi ki bari garwashin ya yi toka-toka, harshen wuta ya kwanta, ki riƙa juyawa duk bayan minti ɗaya, sau huɗu ko biyar. Ta ce na farko ya ƙone ta gefe ɗaya, na biyu mijinta ya cinye a tsaye kafin ta ɗauki hoto.